Takardar da Ke Bin Yaro Har Kano

Bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a zaure, riƙe da wata takarda mai shafi shida a cikin leda. Shekararsa uku yana yi wa wani kamfanin sola aiki a nan Katsina, kamfanin da hedikwatarsa ke Legas. Shi ke hawa kwano da tsakar rana yana kafa fanel, shi ke haɗa batir da inbata, shi ake bugo wa waya da daddare idan wuta ta ɗauke a gidan wani babba. Yanzu ga wani kamfani a Kano ya yi masa tayin albashin da ya kusa ninka nasa. Da ya kai takardar ajiye aiki, manaja bai ce masa uffan ba, sai ya jawo durowa ya buɗe masa shafi na biyar na abin da ya sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi.

A goshin takardar an rubuta cewa yarjejeniyar riƙe sirri ce, kuma abin da aka gaya masa ke nan a lokacin: kada ka fitar da sirrin kamfani. Wane mai neman aiki ne zai yi gardama da wannan? Amma can ƙasa, tsakanin maganar kwamfutar ofis da ta katin shaida, an cusa layi huɗu. Idan ya bar aiki, ko shi ya tafi ko korarsa aka yi, ba zai yi wa wani mai sana'ar sola aiki ba, ba zai buɗe tasa ba, a ko'ina cikin Nijeriya, har shekara biyu. Aka rufe da cewa dokar Jihar Legas ce za ta raba gardama.

"Kawu," in ji shi, "ai ni Kano za ni. A Katsina na sa hannu, dokar Legas suka rubuta. To mi ya haɗa ta da Kano?"

Da a Amurka ya yi wannan tambaya, da lauyoyi sun sami abincin shekara. Can kowace jiha da dokar kwantiraginta. Kalifoniya ta haramta irin wannan sharaɗi tun 1872, kuma har gobe tana kan bakanta. Dakota ta Arewa da Oklahoma ma haka, Minnesota ta bi sahu a 2023. Florida kuwa gaba ta ci ta wancan ɓangaren, a 2025 ta yi dokar da ta yarda a ɗaure manyan ma'aikata har shekara huɗu. Shi ya sa idan mutum ya sa hannu a Boston ya kwashe komatsansa ya koma Los Angeles, sai a shiga rige-rigen zuwa kotu: tsohon ubangida ya garzaya kotun jiharsa, sabon ya garzaya ta Kalifoniya, kowa na fatan alƙalinsa ya riga buga guduma. Daga 1 ga Janairun 2024 Kalifoniya ta ƙara wa miyar gishiri, ta ce sharaɗin banza ne ko a ina aka sa masa hannu, ko yaushe. Duk da haka, a cikin wannan shekara ta 2024, wani babban ma'aikacin kamfanin DraftKings da ya sauya sheƙa zuwa Fanatics ya tare a Kalifoniya, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Boston ta ce faufau, dokar Massachusetts da ke rubuce a takardarsa ita za ta bi shi. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta so ta kashe wutar baki ɗaya a Afrilun 2024 da haramta sharaɗin a duk faɗin ƙasar, bisa ƙiyasinta cewa ma'aikata kusan miliyan 30 ke ɗaure da shi, wato kusan ɗaya cikin biyar. Wata alƙaliya a Texas ta soke haramcin a watan Agusta tun bai fara aiki ba, a Satumban 2025 kuma hukumar ta haƙura da ƙarar da ta ɗaukaka. Aka koma 'yar gidan jiya.

Mu namu ginin ba haka yake ba, kuma wannan ne abin da na fara gaya wa yaron, ko da yake bai ji daɗinsa ba. Sha'anin ƙwadago na cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Tun gyara na uku da aka yi wa tsarin mulki, wanda ya fara aiki a 2011, sashe na 254C ya tattara duk wata rigima tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi ya damƙa wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kotu guda ce, ko a Legas ta zauna ko a Kano ko Kaduna ko Sakkwato. Babbar Kotun Jihar Katsina ba ta da hurumi a kan irin wannan ƙara, kotun shari'ar Musulunci ta unguwa ma haka, duk da cewa jihar ta ƙaddamar da shari'a tun 2000. Ma'aunin da alƙalai ke amfani da shi kuma gadon Ingila ne, wanda Kotun Ƙoli ta runguma, hukuncinta kuwa ya hau kan jihohi 36 da Abuja. Saboda haka "dokar Legas" da aka rubuta a gindin takardar ado ce kawai, kuma kilomita 170 da ɗoriya da ke tsakanin Ƙofar Kaura da Kano ba su canza komai. Idan sharaɗin na da rai, zai same shi a Farm Centre ta Kano kamar yadda zai same shi a kan titin IBB na Katsina. Idan kuwa mushe ne, to mushe ne tun daga nan gida.

Iyakar da ke da tasiri a wajen Bakatsine ita ce ta Jibiya. Maraɗi ta fi Kano kusa da mu nesa ba kusa ba, kuma da zarar mutum ya tsallaka Magama ya shiga wata duniyar shari'a, mai tushen Faransa. Hukuncin kotun Nijeriya ba ya aiki can sai an kai shi gaban alƙalin Nijar ya amince da shi, aikin da ba sauƙi ya ƙara ba tun juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma yaronmu ba Maraɗi za shi ba, don haka mu bar wannan.

Tambayar da ta dace ita ce ko sharaɗin zai iya tsayawa da ƙafarsa a gaban alƙali. Asalin ƙa'idar kuwa ba ta goyon bayan ubangida. Duk sharaɗin da ya tare wa mutum hanyar neman abinci ɓatacce ne tun fil azal, sai idan wanda ya kafa shi ya nuna cewa akwai wani haƙƙi na gaskiya da yake karewa, kuma bai wuce gona da iri ba a tsawon lokaci, da faɗin ƙasa, da nau'in aiki. A 1894 Majalisar Dattawan Ingila ta yarda da alkawarin da maƙerin bindigogi Thorsten Nordenfelt ya yi na barin sana'ar shekara 25 a duk duniya, amma shi kamfaninsa ya sayar, ya karɓi kuɗi masu kauri. A 1916, a shari'ar kamfanin Herbert Morris da wani injiniyansa, aka fayyace cewa ma'aikaci ba ɗaya yake da mai sayar da kamfani ba: sirrin kasuwa da abokan ciniki na ubangida ne, amma gwanintar da ta zauna a kan mutum da hannunsa tasa ce, da ita zai tafi.

A nan gida, shari'ar da lauyoyi ke yawan jawowa ita ce ta Leventis Motors, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1973. Manajan sashen sayar da kayan gyaran mota ne ya yi alkawarin cewa idan ya bar aiki ba zai shiga irin wannan kasuwa ba har shekara ɗaya, a cikin mil 50 daga inda kamfanin ke ciniki. Mil 50 kimanin kilomita 80 ke nan, kusan kamar daga Katsina zuwa Daura. Ya bar aiki, ya koma wajen kishiya da ke 'yar tazara kaɗan da tsohon ofishinsa. Kotu ta ce sharaɗin ya yi daidai, ya biya fam 1,000 da aka ƙayyade. A lura da abubuwan da suka taru a kansa: babban manaja ne, ya san farashi da masu saye ciki da bai, wa'adin shekara guda ne, an kuma shata iyaka. Kotun Ma'aikata ta zamaninmu ta nuna ɗaya gefen wuƙar. A 2018 ta yi watsi da sharaɗin wani gidan abinci na Legas, 7th Heaven Bistro, da ya so hana tsohon ma'aikacinsa aiki a Nijeriya har shekara uku. A 2020 ta ƙi tabbatar wa kamfanin Iroko sharaɗinsa na shekara biyu a kan wani tsohon jami'insa. Akwai kuma ƙararrakin da kamfanoni suka yi nasara, don haka kada wani ya ɗauka ƙofar a rufe take ruf.

Daga ina masu rubuta waɗannan takardu suka samo "shekara biyu" da suke ta maimaitawa kamar karatun allo? Daga Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Sashe na 68 ya ce takunkumin da ma'aikaci ya yarda da shi a kwantiragin aiki ba ya shiga cikin yarjejeniyoyin da dokar ta haramta, muddin bai wuce shekara biyu ba. Sai wasu suka fahimci cewa an ba su shekara biyu kyauta. Alhali dokar rufi ta kafa, ta ce kada a wuce nan. Wanda ke ƙarƙashin rufin ma sai ya amsa tsohuwar tambayar: me kake karewa, kuma me ya sa sai da wannan tsawon igiya? Mai kafa fanel a Katsina, a hana shi taɓa waya daga Badagry har Baga shekara biyu cur, ko da korarsa aka yi, a nawa karatun wannan takarda ba za ta kai labari ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Takardar ba don kotu aka rubuta ta ba. Wane kamfani ne zai ɗauki lauya, ya yi ta safa da marwa shekara da shekaru, a kan yaron da albashinsa bai kai kuɗin man motar lauyan ba? Don durowa aka rubuta ta, a zaro ta ranar da yaro ya ɗaga kai. Kuma ba ita kaɗai ke cikin durowar ba. Akwai orijinal na takardun makaranta da aka karɓa "don ajiya". Akwai fom ɗin garanto, mai ɗauke da hoton uba ko kawu ko limamin unguwa. Akwai lambar wani ɗan sanda da mai gida ya sani. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa kwantiragi kawai, kamar yadda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta hana, an kuma haramta kama wani a madadin wani. Amma da zarar an sauya wa maganar riga, an kira ta cin amana ko ɓatan kaya, sai ka ga dattijo a bayan kanta yana ba da haƙuri kan laifin da babu shi. Yaron da ya ga haka sau ɗaya a kan abokin aikinsa, shi ke nan, ya zauna. Ya daina tambayar ƙarin albashi ma, don ya san ba shi da wurin zuwa.

Waɗanda abin ke faɗa wa kuwa ba manajojin Leventis ba ne. Malamar firamare ce a makarantar kuɗi, da yaron kemis, da mai ɗibar jini a ɗakin gwaji, da mai zama a rumfar POS, da mai kwaɓa fulawa a gidan burodi. Da yawansu ma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai shafe su ba, tunda dokar ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Kafin mu ce halin namu ne, a Amurka ma an yi: kamfanin Jimmy John's mai sayar da burodi da nama ya riƙa sa masu yanka burodi da masu kai saƙo hannu a kan cewa ba za su yi wa makamancinsa aiki a kusa da shagunansa ba har shekara biyu, sai da manyan lauyoyin gwamnatin New York da Illinois suka taso masa a 2016 ya bari. Wane sirri ne a cikin yanka burodi?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu ba baƙin wannan matsala ba ne, kuma kakanninmu sun warware ta ta wata hanya. Shiga babbar kasuwar Katsina ka duba yadda aka jera ta. 'Yan atamfa layi guda, 'yan tireda layi guda, maƙera wuri guda, mahauta wuri guda. Kantin Kwari na Kano kacokan ɗinsa kishiyoyi ne kafaɗa da kafaɗa. Ka tambayi mai shago na uku a ina ya koyi ciniki, sau da yawa zai nuna maka shago na farko. Yaro ya zauna da ubangida shekara bakwai ko goma, ya ci a gidansa, ya yi sutura daga aljihunsa, wani har aure a yi masa. Ranar sallama a ba shi jari, a haɗa shi da dilolin Kano su ba shi kaya bashi da sunan mai gida, ya buɗe rumfa a inda mai gidan zai riƙa hango shi. Idan mai saye ya nemi abin da babu, a aika yaro ya karɓo a wajen tsohon yaro. Ba wanda ya ce masa ya tafi mil 50. Abin da aka ɗora masa shi ne kunya: ba ya tare abokin cinikin mai gida a hanya, ba ya tona inda ake saro kaya da farashin da ake sarowa. Bahaushe ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma a kan wannan aka gina layukan nan.

Masana a Amurka sun daɗe suna gardama a kan abin da ya sa yankin Silicon Valley na Kalifoniya ya tsere wa yankin Boston a harkar kwamfuta, alhali Boston ce da manyan jami'o'i da kwangilolin soja tun farko. A 1999 Farfesa Ronald Gilson ya ɗora wani kaso mai yawa na amsar a kan tsohuwar dokar Kalifoniya. A 1957 injiniyoyi takwas suka fice daga kamfanin William Shockley suka kafa Fairchild, a 1968 biyu daga cikinsu suka sake ficewa suka kafa Intel, ba wanda ya iya riƙe musu riga. Duk wanda ya san yadda rumfa ke haifar rumfa a Kwari ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ba na cewa tsohon tsarin aljanna ne. Mun san iyayen gidan da idan lokacin sallama ya ƙarato sai su ƙirƙiro sata su kori yaro hannu rabbana. Amma kasuwa na da suna ga mai yin haka, shugabannin layi na zama a kansa, kuma gobe ba wanda zai kawo masa ɗansa. A tsohon tsari biyayya da jari tafiya suke tare. Takardar zamani ta ɗauki biyayyar, ta bar jarin a ƙasa.

Mai kamfani ma na da kuka, kuma na saurare shi. Wanda ya tura yaro kwas Legas da kuɗinsa, yaron ya dawo da wata biyu ya gudu, an cuce shi. Mai makarantar da malami ya fice a tsakiyar zango ya bi gida gida yana janye ɗalibai, an cuce shi. Mai kemis ɗin da yaronsa ya kwafe lambobin masu sayen maganin hawan jini duk wata, an cuce shi, an kuma cuci marasa lafiyar, tunda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta yarda a yi yawo da bayanan mutane haka ba. Sai dai kowace daga cikin waɗannan cututtuka da maganinta, daidai ruwa daidai tsaki. Kuɗin kwas a rubuta shi, a ce yana raguwa duk wata har ya ƙare, wanda ya tafi da wuri ya biya ragowar. Abokan ciniki a ce kada a neme su wata shida ko shekara. Sirri a kira shi da sunansa, jerin farashi ne ko lambobin waya ne, a ce ya zauna a gida har abada. Duk waɗannan alƙali zai fi saurin tsaya musu, kuma ba ɗaya da ke bukatar a ce wa mutum ya naɗe hannu.

Wanda kuwa ya dage sai yaro ya naɗe hannu, to ya biya. Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙwadago gida biyu, akwai na tarayya kamar tela da ke karɓar ɗinkin kowa, akwai keɓantacce wanda lokacinsa na mutum ɗaya ne. Keɓantaccen ba ya yi wa wani aiki a lokacin da aka saya, saboda an biya. Ijara dai amfani ne sananne a kan lada sananne. To waɗannan shekaru biyu na bayan barin aiki, wane lada ne ya saye su? Jamusawa sun amsa tun tuni: sharaɗin ba ya wuce shekara biyu, kuma ba ya ɗaure ma'aikaci sai kamfani ya ɗauki nauyin biyansa aƙalla rabin abin da yake samu. Babbar kotun Faransa ta yanke a Yulin 2002 cewa sharaɗin da ba diyyar kuɗi a cikinsa rusasshe ne. Saudiyya, a sashe na 83 na dokar ƙwadagonta, ba ta yarda da shi sai ga ma'aikacin da aikinsa ya ba shi damar sanin abokan cinikin ubangida, a rubuce, da ƙayyade lokaci da wuri da nau'in aiki. Dokar Ƙwadagonmu, wadda muke ja tun shekarun 1970, ko tari ba ta yi a kan maganar ba. Ranar da Majalisar Tarayya ta ce duk mai son wannan sharaɗi ya biya rabin albashi, ina mai tabbatar muku kamfanoni da yawa za su wayi gari su gano cewa ashe ba su da wani sirri a wajen mai kafa fanel.

Majalisar Dokokin Katsina ba ta da ikon yin wannan doka, amma gwamnatin jiha ba hannunta a ɗaure yake ba. Ita ke ba makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu izinin aiki. Ba abin da zai hana ta sa a cikin sharuɗɗan izinin cewa ba a riƙe orijinal ɗin takardun ma'aikaci. Reshen ƙungiyar lauyoyi na Katsina da ƙungiyar ƙwadago kuwa, shiri ɗaya a rediyo da Hausa, a karanta irin wannan shafi na biyar layi layi a fassara, zai kwance mutane fiye da hukunci goma da aka rubuta da Turanci a Legas.

Ɗan ƙanwata dai ya tafi Kano. Kafin ya tafi na sa shi ya mayar da wayar kamfani da duk lambobin da ke ciki, da littafin da yake rubuta gidajen da ya yi wa aiki, ya karɓi shaidar cewa ya mayar. Na ce masa ko mutumin Katsina ya kira shi da kansa, ya ce ya nemi tsohon ofis, har shekara ta zagayo. Wata huɗu ke nan ba sammaci, ba wasiƙar lauya. Sau biyu dai manajan ya bugo wa mahaifinsa, wanda ya tsaya masa garanto, yana tambayar ko Alhaji ya san abin da ya sa wa hannu. Difilomar yaron kuwa tana nan cikin durowa, an ce sai Legas ta ba da izini.